Sawun da Ba Ya Jin Ƙaya

Ranar da aka binne Bello mahauci, mutanen Tungar Dunya ba su koma gidajensu daga maƙabarta ba. Tasha suka nufa, suka banka wa rumfar Mariya mai fura wuta. Da Magaji, dagacin garinmu, bai sa an shigar da ita gidansa an danne ƙofa ba, da gawa biyu aka binne a ranar.

Bazara ce, ta shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara. Mutum uku ciwon ya kayar: Bello, da Abbati tela, da ɗana Hayatu mai kabu-kabu. Iri ɗaya ya fara musu, amai da jiri da dalalar miyau, sai ya lafa har a ce an warke. Bayan 'yan makonni sai sharaɓa ta fara murɗawa, tafin ƙafa ya mutu, mutum ya miƙe tsaye ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Na Bello ya hau har ƙirji ya tsayar da numfashi.

Hujjar mutanen gari ita ce su ukun suna shan furar Mariya. In ka ce ai rabin tasha ma na sha, sai su ce yauwa, ka zo wurin: gubar da za ta tsallake wani ta kama wani, aiko ta aka yi da suna. Mutanen garinmu in sun ƙulla magana, ko malamin makaranta bai iya kwance ta.

Sunana Tukur, sana'ata bin sawu. Daga Zurmi har Shinkafi, in aka kore wa mutum shanu ni ake aiko wa. Ana cewa ina da riƙo, kuma ba a yi mini ƙarya ba. Hayatu shi kaɗai ne ɗa namiji da Allah ya bar mini, a kan yashin ƙorama na koya masa tafiya. Ranar da na ga an cicciɓe shi an sa a mota kamar buhun gero, na shiga ɗaki na wasa wuƙata. Na ɗaukar wa zuciyata alkawari, duk wanda ya yi wannan aiki sai na datse masa agara ya ɗanɗana zaman da ɗana ke yi, in ya so alƙali ya yi da ni yadda ya ga dama.

Washegarin binne Bello, Magaji ya kira ni ya ce, "Tukur, ba ni iya riƙon matar ga har abada, samari na zagayar gidana da gora. Ka bincika muna. In ita ta yi, mu miƙa ta ga alƙali. In ba ita ba, mu sani."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ko ba ka sa ni ba na riga na hwara."

* * *

Na sami Mariya a rakuɓe bayan rumbun Magaji, gefen zanenta duk ya ƙone. Tana ganina ta fashe da kuka.

"Baba Tukur, mi Hayatu ya yi mani? Yaron da ka ɗauko mani nono daga ruga bai taɓa ɓata rai ba! Furar ga ɗiyana na shan ta, ni ma ita nika sha."

"Wa da wa ka sayen ta?"

"Kowa hwa. In ka ɗebe Nasidi, shi da ciwon suga ya hana mai."

Nasidi abokina ne tun muna kiwon awaki. Shi ne shugaban 'yan kabu-kabu na tasha, kuma mashin ɗin da Hayatu ke hawa nasa ne.

Har na juya zan tafi, ta kira ni da ƙaramar murya. "Akwai abin da ban hwaɗa ma kowa ba. Bello da Abbati, duk ranar da anka ci Kasuwar Daji ba su shan fura. Da la'asar sai su ɓace, in sun dawo suna ta taunar kanumfari."

Na riƙe wannan magana. Namiji ba ya taunar kanumfari haka kawai, sai in haƙori ke ciwo ko baki ne ake son rufe wa asiri.

* * *

Abbati yana kwance a zaure, an lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zane. Telan da ƙafa ta mutu masa ai ya gama sana'a. Na zauna na tambaye shi inda suke zuwa da la'asar, sai ya juya fuska ga bango.

Na ce, "Abbati, Bello na cikin ƙasa, ana shirin kashe macen da ba ta san komi ba, kai kana kallon bango."

Ya juyo daga bango, ya ce, "Bulala tamanin ce, Baba Tukur, a bainar jama'a. Ɗiyata na da biki bayan damina. Kana son a ce ubanta mashayi na?"

"To giya ce."

"Tun da anka rufe gidajen giya, a ɓoye aka kawo muna ita. Mai abin ya rantsar da mu, ba ni hwaɗin sunanai. Amma ka ji abin da ka cin raina. Mu bakwai muka sha, kofi ɗaya, tabarma ɗaya. Biyar na nan suna yawonsu lahiya lau. Don mi ni?"

Ba tambayarsa ce ta dame ni ba, tawa ce. Na ce, "Hayatu hwa?"

"Bai taɓa zama cikinmu ba."

Na so in yarda. Amma mashayi ne ya faɗa, kuma ƙafar ɗana ta mutu irin mutuwar tasu. Na fita daga zauren nan cike da kunya da fushi.

* * *

Nasidi ne ya kai ni Zurmi, asibitin da aka kwantar da Hayatu. A ƙofar gidana ya tsaya, bai ko sauko daga mashin ba, yana share hawaye da hannun riga.

"Hau mu tai, Tukur. Amma kak ka bari matar can ta yi maka daɗin baki. Da ɗana ne, da tuni an gama da ita."

A hanya mashin ya mutu mana sau da dama wajen sauya giya da ƙafa. Nasidi ya yi ta zagin makanikai, yana ɗaga gorar ruwa yana sha kamar raƙumi.

Mai jinyar da ke kula da Hayatu sunanta Malama Sa'adiya, 'yar gidan malamai ce ta Ƙaura, ba ta da kwana-kwana a magana. Ta ce likita ya riga ya gane ciwon, maganin feshin gona ne, irin mai cin jijiya. Na gaya mata zancen mutanen gari, na guba mai zaɓen mutane, da abin da Abbati ya faɗa mini na giyar da su bakwai suke sha.

Ta girgiza kai. "Baba, guba ba ta san sunan kowa ba. Jiki na ka buɗe mata hanya. Marigayin da kaka magana, shekara nawa yana sha?"

Na ce tun yana saurayi, kowa ya sani.

"To hantarsa ta gaji, kuma hanta ita ka wanke guba daga jini. Ga tsufa. Telan kuma na gan shi, ƙashi da rai, yana da gyambon ciki, ba shi cin abinci. Abin da ya hwaɗa cikin da babu komi ya fi saurin shiga jini. Sauran biyar wataƙila ƙarti ne masu cin tuwo su ƙoshi kahin su sha. Ba tsira sunka yi ba, jikinsu na ya ɗauki nauyin." Ta ƙara da cewa, "Wanda nika ji ma tsoro ya fi duka shi na mai ciwon suga. Jijiyar ƙafarsa dama a raunane take, kaɗan ya ishe shi, kuma in ta mutu da wuya ta dawo."

Na shiga wurin Hayatu. Ban gaishe shi ba ma, na ce, "Dube ni. Ka taɓa sha?"

Idonsa ya cika da ƙwalla. "Baba, wallahi ban taɓa kai ta bakina ba."

Malama Sa'adiya ta yaye masa wando daga ƙafar dama. Ga tabon ƙuna nan a sharaɓa, faɗinsa ya kai tafin hannu, salansar mashin ce ta ƙone shi tun farkon bazara. Ta ce ba sai an sha ba, abin yana bi ta fata, balle fatar da ke buɗe. Ga gumi, ga zafin rana mai buɗe jiki, ga shi bai daɗe da tashi daga shawara ba, hantarsa ba ta gama komawa daidai ba. Ta tambaye shi ko yana feshi a gona.

"A'a. Sai dai jarkokin da nika ɗaukowa daga Kasuwar Daji in kai tsohon siton auduga na bakin ƙorama. Masu hoton ƙoƙon kan mutum. Ɗaya kullum tana ɗiga mani a ƙafa, wandon shi jiƙe sharkaf, haka nika wuni da shi. Na yi ƙorahi, Baba Nasidi ya ce in yi haƙuri, wari na kawai. Ya ce kayan Isma'ila ne mai shagon maganin feshi."

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, wani wanda ya fi shi ya hau. Ɗana ba mashayi ba ne, amma jaki aka mai da shi.

Nasidi yana waje a kan mashin ɗinsa. Da na tambaye shi, ya dafe kai. "Innalillahi! Isma'ila na ya ce a riƙa ɗauko mai, ni ɗaurewa kawai nika yi don kar kaya su hwaɗi. Ashe shi na!"

* * *

Na shaƙe wuyan rigar Isma'ila a tsakiyar shagonsa, ɗaya hannun yana kan kuben wuƙa. Ɗan siririn mutum ne mai tsoro, nan take ya fara salati.

"Baba Tukur, ga shagona, ga kayana a jere! Mi zai kai ni ajiya a kangon da babu ko taga? Jarkar da ta ƙare bayan shago nika jefa ta, kowa na ɗauka. Na sha hana mata zuba mai a ciki, ba su ji."

Zuciyata ta ce in gama da shi. Amma sana'ata tana da doka ɗaya wadda ban taɓa karyawa ba: bakin mutum ba ya kama ɓarawo, sai ƙasa ta nuna shi. Na sake shi, na ce kar ya bar gari.

Da hantsi na tafi tsohon siton ni kaɗai. Ciki duhu ne, ba taga, wari ya cika shi har ido na yaji, ƙasar wurin ta yi baƙi saboda abin da aka daɗe ana zubarwa. Jarkokin babu su. A waje na ga tsohon sawun tayar Hayatu, da sawun mashayan nan bakwai, duk na san masu su. A kansu kuma akwai sabon sawu na mutum ɗaya, wanda ya yi ta kai da kawowa yana jan kaya zuwa ƙorama.

Takalmin roba ne irin na kowa. Amma babban yatsan hagu yana zana layi a ƙasa duk taku, ƙafar ba ta ɗaguwa sosai. Na bi shi a hankali. Can tsakiyar wani fili da tsidau ya rufe, takalmin hagu ya fice ya zauna. Mutumin bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, a kan ƙayar tsidau wadda ko jaki yana kauce mata. Ga ɗigon jini nan, amma takun bai gajarta ba, bai ɗingisa ba, bai zauna ya cire ƙaya ba. Sai da ya kai ƙorama, da alama ya duba ƙasa, sannan ya dawo ya ɗauki takalminsa.

Na tsuguna na daɗe ina kallo. Na san tafiyar kowane baligi a Tungar Dunya, wannan ban san ta ba, don ciwo ya sauya ta. Akwai mutum na huɗu da abin ya kama, yana kan ƙafarsa tukuna, yana ɓoyewa.

Na tona yashi inda sawun ya tsaya. Jarkoki ne na maganin feshi, ba a ko wanke su da kyau ba, cike da giya. Guda ɗaya kuwa maganin ne zalla, an huda murfinta da ƙusa wuri uku. Nan na gane dabarar. Masu sa ido kan giya a hanya in sun tsayar da mashin, suka ga hoton ƙoƙon kai, wari ya doki hancinsu, sai su ce wuce. Ba tsautsayi ne ya sa take ɗiga ba. Mutum ne ya zauna da ƙusa da dutse ya huda ta, ya ɗaure ta daidai kan ƙunar ɗana.

Na cika aljihuna da tsidau kafin in bar wurin.

* * *

Da la'asar Magaji ya tara gari a ƙofar gidansa. Tun kafin a taru na share filin da ke gaban tabarmarsa, na watsa sabon yashi, na barbaɗa abin da ke aljihuna na rufe sama-sama. Kowa ya san ba a zuwa gaban Magaji da takalmi, daga bakin fili ake tuɓewa. Malama Sa'adiya ta zo da kanta don ta yi wa mutane bayani, an kuma ɗauko Abbati a amalanke.

Aka kira Mariya. Ta yi taku kaɗan ta ɗaga ƙafa ta ce "Wash!", ta cire ƙaya, ta ƙarasa tana ɗingishi. Aka kira Isma'ila. Shi har da tsalle da kiran sunan uwarsa, yara suka kwashe da dariya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, saura shaida. Nasidi shi ya san wanda ya ba da kayan, shi matso ya hwaɗa da bakinai."

Nasidi yana can baya a kan mashin. Ya so ya yi magana daga nan, Magaji ya ce ya sauko. Ya sauko, ya tuɓe takalma, ya ratso filin nan tiryan-tiryan, fuskarsa ba ta ko motsa ba. Babban yatsan hagu yana zana layi a kan yashi. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa ya fara, "Ranka shi daɗe, Isma'ila na ya…"

Na ce, "Nasidi, dubi tafin ƙafarka."

Ya duba. Tsidau ya manne masa birjik, jini na tsattsafowa ta kan tsofaffin raunukan jiya.

Na sa aka kawo jarkar mai hudajjen murfi, na ajiye a gabansa, na faɗi abin da ƙasa ta nuna mini daga sito har ƙorama. Na ce, "Kai ba ka sha, suga ya hana ka. Amma kai ka zuba ta a ɗakin da babu taga, kai ka taka ƙasar da ta jiƙa, kai ka huda murfi. Ka san yaron na da ƙuna, don mashin ɗinka na ya ƙone shi."

Ya ce ƙarya ne. Sai Abbati ya ɗago daga amalanke yana kuka. "Shi na, ranka shi daɗe. Na karya rantsuwa, na yi kaffara. A yi mani bulalar, ta hi mani wannan zama."

Samarin da suka ƙone rumfar Mariya suka taso da gora, su dai a nuna musu wanda za su daka. Magaji ya daka musu tsawa, ya ce a cikinsu duk wanda ya kunna ashana sai ya sake kafa rumfar da hannunsa. Ni kuwa na riga su isa. Na durƙusa a gaban Nasidi, wuƙa tana hannuna, agararsa tana kusa da gwiwata. Wallahi ba tsoron alƙali ne ya tsayar da ni ba. Tunani na yi, in na yanka ma ba zai ji ba.

Bai ko kalli wuƙar ba. Malama Sa'adiya yake kallo. "Malama, tawa ƙafar… tana dawowa?"

Ta sunkuyar da kai, mai jinya ce, ba ta son faɗin irin wannan a gaban jama'a. Ni na amsa masa. Na ce, "Ƙafar mai suga, Nasidi? Tashi ka yi yawo da ita yanzu, tun tana ɗaukarka."

Na mai da wuƙata kube.

* * *

Alƙali ya yanke masa abin da ya yanke, ya yi zamansa a gidan yari, aka dawo da shi gari a bayan mota, don a lokacin ƙafafun duka biyu sun tafi. Abbati ya sha bulalarsa, an kuma yi bikin 'yarsa bayan damina, ba wanda ya fasa zuwa. Mariya tana tasha da sabuwar rumfa, waɗanda suka ƙona ta farko su ne kan gaba wajen neman ƙarin nono.

Hayatu yaro ne, jikinsa ya yi ta faɗa da ciwon har ya fara tsayuwa da sanda. Mashin dai ya bar shi har abada. Kullum da safe nakan share ƙofar gida in watsa yashi, in ya wuce masallaci in tsuguna in duba. Ƙafar hagu tana sauka daidai yanzu. Ta dama har yau tana zana layi, kuma duk safiyar da na ga layin nan sai abin ya dawo mini sabo.

Liman ya yi mini nasiha ya gaji, ya ce Allah yana son masu yafiya. Na ce na sani, Allah gafarta malam, amma ni ban kai can ba tukuna.

Rannan zan wuce ta ƙofar gidan Nasidi, yana zaune a gindin katanga inda ake fito da shi ya sha iska. Na ga sawun hannuwa biyu da na jan gindi daga zaure zuwa wurin. Ya kira ni.

"Tukur! Don Allah, don zumuncin da munka yi, ka yahe mani."

Na tsaya a tsakiyar hanya, tsakanina da shi bai fi tsawon igiyar akuya ba. Na dogara sandata, na gyara tsayuwa.

Na ce, "Taso ka iske ni nan, in yahe ma."